Gafiya da Rana Tsaka

Har yanzu ba na iya tsayuwa a kicin idan Umma ta watsa busasshen barkono cikin mai. Sai in ajiye duk abin da ke hannuna in fita tsakar gida, in tsaya ina jan iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Wata huɗu ke nan da abin ya faru. Na ɗauko littafin nan, ragowar wanda nake rubuta darasin kimiyyar halittu a makaranta, don in zuba shi a wani wuri, tunda babu wanda zan iya zuba wa.

Gidanmu a unguwar Sabo ta Ibadan tsoho ne, ginin ƙasa ne da aka shafe shi da siminti tun kafin a haifi Baba. Ɗakunan gaba na baƙi ne, fataken da ke kawo albasa da wake daga Arewa zuwa kasuwar Shasha, su sauka a wurin Baba har su sayar su juya. Mu muna ciki. Ɗaki na ƙarshe shi ne na Kaka, mahaifiyar Baba, kuma tsakanin bayan ɗakinta da katangar maƙwabta akwai wani ɗan fili, taku shida ne idan ka auna tsawonsa, faɗin bai kai huɗu ba. A duk layinmu babu gidan da ya bar ko da tafin hannu na ƙasa ba a zuba masa siminti ba, sai wannan. Baba ya sha kawo maganar a yi ɗakin haya a wurin. Kaka takan ce, “Ka jira in mutu, sai ka yi bene ma.”

Lambunta ke nan. Yakuwa, rama, kubewa, kunya biyu na dankali, da bishiyar zogale ɗaya a lungu. Tana amarya aka kawo ta Ibadan, ta tsufa a nan, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, amma ba ta taɓa yarda ganyen kasuwar garin nan ganye ne ba. Irin yakuwarta daga garinsu ta zo da shi a ƙulle a bakin zane, kuma duk shekara sai ta ajiye na baɗi a cikin kwalba. Ni ce mai ɗaukar mata ruwa tun ina ƙarama. Ƙawata take ce min, ni ma haka nake ce mata. Idan na taka shuka ta ce, “Ƙawata, ƙafar nan taki ta raƙumi, wane miji zai ɗauka?” In ce, “Irin wanda ya ɗauke ki.” Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Bayan ƙaramar Sallah ta faɗi a bakin randa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, don haka jinya ta faɗo a kaina: wanka, juyi, canjin zane, ba da abinci da cokali. Ba ta cin komai da daɗin rai sai tuwo mai laushi da miyar yakuwa, kuma idan Umma ta sayo ta kasuwa, cokali ɗaya take karɓa ta kulle baki. Ta lambu kuwa sai ta cinye. Kullum da safe nakan buɗe mata taga in tallafa ta da filo ta ga shukarta. Idonta ne kaɗai ya rage mata, da hannun hagu.

Damina ta kankama lokacin da na fara ganin ɓarna. Wata safiya na tarar da ganyen dankali ya kwanta, na ja sai ya biyo hannuna ba komai a ƙasansa. Kubewa uku an datse su daga tushe. A gindin katanga ga tulin jar ƙasa sabuwa, a gefenta rami, faɗin bakinsa kamar na babban gwangwanin tumatir. Na ɗauka ɓera ne da ya ci ya ƙoshi.

Kwana biyu bayan nan na gan ta. Bayan azahar ne, rana ta fito fes bayan ruwan safe, ina shanya zannuwan Kaka a igiya. Na juyo sai ga ta a tsakiyar kunyar dankali a zaune. Gafiya. Ta fi ɗan mage girma, kumatunta sun cika sun kumbura da abin da ta ƙunsa, wutsiyarta doguwa, rabinta fari kamar an tsoma a farar ƙasa. Ba ta gudu ba. Ta ɗaga hanci tana kallona, ni ma ina kallonta, jiƙaƙƙen zane yana ɗiga a ƙafata. Sai da ta ga dama ta juya a hankali ta shige raminta.

A lokacin dariya ma ta ba ni. Washegari na kai markaɗe wurin Iya, Bayarabiyar da ke da inji a bakin hanyar da ke fita Mokola. Ta san ni tun ina goye, tana kuma yawan aiko wa Kaka da lemo. Ina jiran layi nake ba ta labari da ƙarfi saboda ƙarar inji. Na ce, “Iya, kin ga okete ta mai da lambun Kaka kantinta. Jiya har gaisawa muka yi da rana tsaka.”

Sai ta kashe injin. Markaɗen wata yana ciki bai gama ba.

“Da rana?” ta ce. “Da idonki?”

“Bayan azahar.”

Ta zagaya hannu a kanta ta ƙyasta yatsu ta yar a baya. “A kii ri okete l'osan,” ta ce. Na ji abin da ta faɗa, don a Sabo aka haife ni: ba a ganin gafiya da rana. Amma ta ƙara min da Hausarta mai karyewa, wai don kada in ce ban gane ba. “Shi dabba na dare ne, omo mi. In ya fito rana ya tsaya ya duba mutum, saƙo ya kawo. Babba na gida zai tafi.” Sannan ta rage murya. “Yaya jikin Mama?”

Matar da ke gabana a layi ta ce, “Haba Iya, za ki tsorata yarinya. Oya, tayar da inji, miyata na jira.” Iya ta tayar, amma ba ta sake kallona ba har na karɓi robata.

Da na faɗa wa Umma, ko juyowa ba ta yi daga tankaɗen da take ba. “A'uzu billahi. Camfi ne. Ke da kika sauke Alƙur'ani za ki tsaya ɓera yana miki duba? Yunwa ce ta fito da ita, ba saƙo ba.” Na san gaskiya ta faɗa. Na yi istigfari. Amma magana idan ta shiga kunne ba ta neman izini kafin ta zauna.

A cikin makon nan ne Kaka ta yi magana, karo na farko tun faɗuwarta. Ina goge mata baki bayan ta sha koko, ta kama wuyan hannuna da hagunta, leɓenta yana rawa, ta yi ta kokawa da harshenta har kalma ɗaya ta fito.

“Ƙasa.”

Na ƙwala wa Umma kira. Muka taru a kanta har da Baba, muna murna, muna cewa ta ƙara. Ta ƙara kuwa. “Ƙasa. Ƙasa.” Tana faɗa tana bubbuga katifa da tafin hannu.

Baba ya share ido ya ce gida take so. Ƙasarsu take nufi, garin da aka haife ta. Ya durƙusa ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, da kin ji sauƙi ni da kaina zan kai ki.” Ta rufe ido ta kau da kai. Umma ta ce a'a, gadon ne ya ishe ta, so take a kwantar da ita a ƙasa a kan tabarma ta sha sanyi. Muka shimfiɗa tabarma muka ɗauko ta, sai ta ƙanƙame ƙarfen gadon da hannunta mai rai, ta yi wani irin gurnani da ban taɓa jin ya fito daga bakin mutum ba. Muka mayar da ita.

Ni ban faɗi tawa fassarar ba. Ƙasa ɗaya na sani da ke kiran tsoho mara lafiya. Daga ranar, duk sanda ta faɗi kalmar sai in ga farar wutsiyar nan tana shigewa rami. Kuma ta riƙa faɗa kullum, musamman da safe idan na shigo, idonta ja kamar wadda ba ta runtsa ba.

Ban san yadda aka yi tunanina ya ƙulla haka ba, amma ga abin da na yarda da shi a raina: idan na kori dabbar nan daga gidan, saƙon da ta kawo zai bi ta. Ban faɗa wa kowa ba. Abin da na ce shi ne ina kare yakuwar Kaka, kuma wannan ma gaskiya ne, don rabin lambun ya riga ya tafi.

Na fara da duwatsu. Na cusa su a ramin na danna da taɓarya, da safe na tarar an ture su gefe a jere kamar an yi min gori. Na farfasa kwalabe na zuba. Ta haƙa sabon baki kusa da zogale, taku uku daga na farko. Na duba a waya yadda ake korar dabbobi masu haƙa rami daga lambu, na sami bayanai birjik a kan wata dabbar ƙasar Turawa, kamar kurege amma ƙatuwa. Sun ce a kafa ragar waya a binne gindinta cikin ƙasa, a zuba tafarnuwa, a watsa gashin kare. Ina zan sami gashin kare a Sabo? Na daka tafarnuwa kai biyar na zuba, Umma ta yi ta faɗa. Na kewaye yakuwar da tsohuwar ragar kejin kaji, ta bi ta ƙarƙashi. Na aro tarko na sa ƙuli-ƙuli, ta cinye ƙuli-ƙulin ta bar min tarkon a ɗane. Guba kuwa Umma ta hana, saboda kajin maƙwabta da ke haurowa.

Baba dariya yake yi. Idan ya dawo daga kasuwa ya ce, “Sarkin yaƙi, yau wa ya ci, ke ko ita?” Ban iya mayar masa da dariyar ba. Na rame a kwanakin nan, Umma ta ɗauka wahalar jinya ce.

Wata Laraba da yamma na kai abinci zaure. A cikin baƙin Baba akwai wani dattijo mai albasa da ya daɗe yana sauka a gidanmu, mutum mai fara'a, goro ya rina masa haƙora. Baba ya tsokane ni a gabansa, ya ba shi labarin yaƙina. Dattijon ya yi dariya har da tari.

“'Yata, ai gafiya ba a yi mata da kwalba. Wa ya koya miki? Gafiya hayaƙi ne maganinta. Mu a garinmu muna yara da ita muke buɗe baki da rani.”

Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, “Yaya ake yi, Baba?”

“Ba ta yin gida da ƙofa ɗaya, wayo gare ta. Sai ki zagaya ki nemo bakunan duka. Ki toshe sauran, ki bar biyu. Ɗaya ki cusa ciyawa da tsumma ki sa wuta, ki zuba barkono, ki yi ta fifita. Ɗayan ki tsaya da sanda. Wallahi ko aljani ne a ciki sai ya fito yana atishawa. Baki nawa kika gani?”

“Biyu.”

“To, ai ta rage miki aiki.”

Baba ya ce, “Kai dai kada ka sa ta ƙona min gida.” Suka yi dariya, suka koma maganar farashin buhu. Da asuba motarsu ta tashi zuwa Arewa. Ban ga laifinsa ba, har yau. Shi gona ya sani, fili fetal, inda mutum zai zagaya rami ta kowace kusurwa ya ga inda ya ɓulla. Bai taɓa shiga bayan gidanmu ba. Ni ce na san cewa a Sabo bango yana jingine da bango, ɗaki yana bayan ɗaki, kuma abin da ido zai iya zagayawa bai wuce taku shida ba. Na sani, amma ban tsaya na yi tunaninsa ba.

Alhamis Umma ta tafi suna a layi na uku da namu. Baba yana Shasha. Gidan ya rage daga ni sai Kaka. Na ba ta abinci bayan azahar, na juya ta ɓangaren bango. Ta kama hannuna.

“Ƙasa,” ta ce.

“Ƙawata, babu inda za ki,” na ce mata. “Yau zan gama da ita. Ki yi barcinki.”

Sai na yi abin da na ɗauka hankali ne. Na tuna tagarta lambun take kallo, kada hayaƙi ya shigo ya dame ta. Na rufe tagar na sa sakata. Akwai ɗan tsagi a ƙasan katakon, na cusa tsumma na toshe shi sarai. Na fito na ja ƙofar har ta kama, na saki labule.

Na tara busasshiyar ciyawa da ɓawon gyaɗa da yagaggen zane, na cusa a ramin gindin katanga. Na ɗebo barkono cikin tafi biyu daga kwandon Umma. Wutar ta kama da ashana ta uku. Na durƙusa ina fifitawa da maficin Kaka, ina kau da fuska, hawaye na zuba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ramin yake shan hayaƙin. Ba ya dawowa. Kamar akwai mai zuƙa daga ciki. Na ji daɗi, na ce yau dai ta gamu da gamonta.

Na koma bakin da ke gindin zogale na tsaya da taɓarya a ɗage. Na jira. Wani siririn hayaƙi ya fito kamar na turaren wuta, shi ke nan. Babu gafiya. Na ce ko bai isa ba, na koma na ƙara barkono tafi guda, na ƙara fifita. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na sha ƙoƙarin lissafawa, wani lokaci in ce minti goma, wani lokaci in ce ya ninka. Na tuna dai wani mai rake ya wuce a layi yana kira, na tuna hannuna ya gaji da riƙon taɓarya na sauke na canja.

Sai na ji ƙarar kwanon sha ya faɗi a siminti, ya yi ta juyawa kafin ya tsaya. Daga ɗakin Kaka.

Na zagayo ba da gudu ba ma, don na ɗauka ruwa take so. Da na ɗaga labule na ga hayaƙi yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Na tura. Abin da ya buge ni a fuska ba zan iya kwatanta shi ba, kamar an watsa min garwashi a ido da maƙogwaro. Ɗakin ya cika har rufi, ban ga gado ba, ban ga komai ba. Sauti kawai nake ji, wani ƙugi kamar ana jan ruwa da tsagaggen bututu. Na lalubo ta. Ta zamo rabi a gado rabi a iska, hannunta na hagu a miƙe wajen inda kwanon yake. Ban san yadda na ɗora ta a bayana ba. Ba ta da nauyi, Kaka, kamar damin kara. Na fito da ita tsakar gida muka zube tare, ina ihu da muryar da ba ta fita.

Matan maƙwabta suka shigo. Wata tana yi mata fifita, wata tana zuba mata ruwa a fuska, wata ta ce a ba ta manja. Fuskarta ta yi wani launi, leɓenta sun yi duhu, idonta a buɗe yana zubar da ruwa, kuma ni yake kallo. Wani ya kira Umma, na ga shigowarta mayafi a hannu. Ta dubi Kaka, ta dubi ɗakin, ta dube ni. Ta wuce bayan gida da bokiti, ta dawo, sannan ta ce a samo mota.

Kwananta shida a asibiti, da robar iska a hanci. Likita ya ce ƙirjinta ya kamu, ya ce masu doguwar kwanciya dama sukan gamu da haka, hayaƙin ya ƙara ne a kan abin da ke akwai. Na riƙe wannan maganar kamar igiya. Har yau ina riƙe da ita, wasu ranaku tana ɗaukata, wasu ranaku ba ta ɗauka.

Tana asibiti Baba ya sa aka janye gadonta don a gano ta inda hayaƙin ya shigo. Ina tsaye a bakin ƙofa. Aka ɗaga ledar ƙasa, sai ga simintin lungun ya rufta, ga rami daidai saitin inda kanta yake kwanciya, bakinsa ya yi baƙi. A gefensa tarin kaya: ƙwallayen dabino, ɓawon gyaɗa, goro biyu da suka bushe, murfin kwalbar maganinta da muka yi ta nema, da guntun dankali mai shatin haƙori.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a bakin gadon ya dafe kai.

“Ƙasa,” ya ce. “Inna lillahi. Ƙasan gado take ce mana. Abin nan yana fitowa yana yawo a ƙarƙashinta, ita kaɗai, ba ta iya motsi. Ni kuma ina ce mata zan kai ta gida.”

Ba garinsu take nufi ba, ba tabarma ba, ba kabari ba. Mako uku tana faɗa mana da kalma ɗayan da Allah ya bar mata, mu uku masu Hausa a baki, kowa ya ji abin da ke ransa.

Sai Baba ya miƙe ya ce wani ne ya yi wa ramin hayaƙi ta wancan gefen. Ya leƙa lambu bai ga komai ba sai jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin katanga an ɗora tsohon turmi a kai. Ya manta da hirar zaure, ko kuma bai taɓa kawo ta a ransa ba. Ya zagaya gidajen da ke bayanmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse bai kunna komai ba. Ya dawo ransa a ɓace, ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Duk wanda ya yi wa mahaifiyata wannan ya ɓoye, Allah ya isa tsakanina da shi.”

Umma ta saki ludayin da ke hannunta. “Alhaji, janye. Don Allah janye. Ba ka san ko kuskure ba ne.”

“Kuskure yana da baki ai. Ya zo ya faɗa.”

Ina tsaye a jikin randa. Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe. Umma ta ce, “Ke, je ki kwashe shanya, hadari ya taso.”

Aka dawo da Kaka ɗakin Umma. Ba ta sake cewa komai ba, ko kalmar nan ɗaya. Tana karɓar koko daga hannuna, cokali biyu, uku. Wata rana da hantsi, ba kowa a ɗakin, na sa bakina a kunnenta na faɗa mata duka, tun daga maganar Iya har zuwa tsumman da na cusa a taga. Na ce, “Ƙawata, ni ce. Ki yafe min.” Idonta a buɗe yake. Ta lumshe shi, ta buɗe. Ban sani ba ko amsa ce, ko ƙiftawa ce kawai irin ta kowane ido. Kwana goma da dawowarta ta rasu, ranar Asabar, ana kiran la'asar.

Bayan sadakar bakwai muna wanke tukwane ni da Umma, na ce, “Umma, akwai maganar da nake so in faɗa miki.”

Ba ta ɗago ba. “Wa kike tsammani ya kashe wutar? Wa ya ɗora turmin?”

Na saki soson da ke hannuna. Ta ci gaba.

“Kwanan Kaka ne ya ƙare. Ki riƙe wannan. Amma Babanki uwa ɗaya gare shi, 'ya mace ɗaya gare shi. Ya rasa ɗaya. Kada ki sa ya rasa biyu a wata guda.” Ta miƙo min tukunya. “Ɗauraye.”

Gafiyar ba a sake ganinta ba, a raye ko a mace. Baba ya kira magini ya cike ramukan da kankare, ya zuba siminti a lambun gaba ɗaya. Iya idan na kai markaɗe ba ta karɓar kuɗina, tana cewa “pele, omo mi”, wato sannu 'yata, tana girgiza kai irin na wadda maganarta ta tabbata. So nake in ce mata ba haka ba ne, amma ban san ta inda zan fara ba, ban ma san ko ba hakan ba ne.

Abin da ya fi min nauyi shi ne Baba. Duk baƙon da ya zo gaisuwa sai ya kira ni. “Ga ta nan. Ita ta shiga cikin hayaƙin nan ta goyo Inna a bayanta. Da ba don ita ba, da a ɗakin za mu tarar da gawa. Allah ya yi miki albarka.” Baƙi su ce amin. Ni ma in ce amin, kaina a sunkuye.

Shekaranjiya na kai masa shayi bayan ya dawo daga kasuwa. Shi kaɗai ne a zaure, yana cire takalmi. Na ajiye, na ƙi tashi.

“Baba, wanda ya yi hayaƙin nan. Da ka yafe masa.”

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. “Ke dai zuciyarki irin ta Inna ce, ba ta riƙo.”

“Wataƙila tsoro ne ya hana shi zuwa.”

Ya ɗauki kofin ya hura, ya kurɓa. Ya ajiye kofin.

“Wataƙila,” ya ce. “Zan yafe, in sha Allahu. Amma ba yanzu ba, uwata. Ban kai wurin ba tukuna. Ƙaro min sukari.”

Na tashi na je na ɗauko.